Abin da ya sa abincin tarwaɗa ba ya ɗaukar jatan lande: sharhi kan kitse da ƙwayoyin gado

Busasshen kirefish ɗin da ake aunawa a Kasuwar Daji da sauran kasuwannin Sakkwato ƙananan jatan lande ne da ake kamowa a bakin teku, can wajajen Oron da Kalaba, a busar, a ɗura a buhu a hauro da su Arewa. Tsadarsu da nisan tafiyar da suke yi ne ke sa mai kiwon tarwaɗa a nan ya fara lissafi: tunda akwai rijiyar burtsatse, akwai tanki, akwai zafi kusan duk shekara, me zai hana a yi kiwon manyan jatan lande a tudu, kamar yadda ake yi a Tailan da jihar Alabama ta Amurka? Ana iyawa. Sai dai wanda ya shiga harkar da lissafin abincin tarwaɗa a kansa zai yi asara, kuma babban dalilin yana cikin ƙwayoyin gadon dabbar, wato umarnin gina jiki da take gada daga iyaye, musamman waɗanda ba ta da su.

Kitse da mai, na dabba ko na tsiro, an gina su ne da wasu sarƙoƙi da ake kira asid ɗin kitse. Kowace sarƙa jerin ƙwayoyin kabon ce, galibi 16, 18, 20 ko 22. Wata a miƙe take samɓal, wata kuma tana da lanƙwasa a duk inda kabon biyu suka haɗu da ɗauri biyu maimakon ɗaya. Da lambobi ake rubuta su. 16:0 na nufin kabon 16 babu lanƙwasa ko ɗaya, shi ne falmitik da ya kai kusan kashi 44 cikin 100 na manja. 18:1 shi ne oleyik, wanda ya fi yawa a man gyaɗa. 18:2 linoleyik ne, rabin man waken soya ke nan da ɗoriya, 18:3 kuma linolenik, wanda bai wuce kashi 7 ko 8 na man soyan ba. Miƙaƙƙun sarƙoƙi suna jeruwa su manne da juna, shi ya sa kitsen rago ke daskarewa da sanyin safiya. Masu lanƙwasa da yawa ba sa jeruwa, sai su zauna ruwa-ruwa.

Guda uku ne suka fi damun mai kiwo, dukansu dogaye masu lanƙwasa da yawa: EPA mai kabon 20 da lanƙwasa 5, DHA mai kabon 22 da lanƙwasa 6, sai ARA mai kabon 20 da lanƙwasa 4. Da su ake gina bangon sel, wato ƙananan ɗakunan da jiki ya ginu da su, musamman a ido da jijiyoyi da gaɓar numfashi, kuma daga ARA da EPA jiki ke haɗa sinadaran furostagilandin masu hannu a nunar ƙwai da yaƙi da cuta. Naman jatan lande ba mai kitse ba ne, kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai, amma yawancin wannan ɗan kitsen na bangon sel ne ba na ajiya ba. Saboda haka in aka sami giɓi a irinsa, ginin jikin kansa aka taɓa.

Abin da yake iya yi da inda hanya ta yanke

A farkon hanya jatan lande ba shi da matsala. Yana da ƙwayar gado ta acc da ta fas, waɗanda inzayim ɗinsu, wato sinadaran da ke gudanar da aikin a jiki, ke ɗaukar ragowar sitaci da furotin su gina falmitik kabon biyu-biyu har ya kai 16. Yana da elovl6 mai ƙara masa tsawo zuwa 18. Yana kuma da scd, mai sa lanƙwasar farko a kabon na tara, wadda ake kira delta-9, ta mayar da 18:0 oleyik. Duk wannan a gaɓar nan mai launin ruwan ƙasa da ke cikin kansa ake yi, wadda ta haɗa aikin hanta da na narkar da abinci. Mu kira ta hanta.

Daga oleyik zuwa linoleyik ana buƙatar wani inzayim mai sa lanƙwasa, wato mai-lanƙwasa ta delta-12, daga nan zuwa linolenik kuma ta delta-15. Mutum ba shi da su, kifi ma ba shi da su. An daɗe ana koyar da cewa tsirrai da gansakuka da ƙananan halittu ne kaɗai ke da su, har sai a 2018 da Naoki Kabeya da abokan aikinsa suka nuna cewa dabbobin ruwa da yawa marasa ƙashin baya suna ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyin gado: murjani, wasu dangin dodon koɗi, tsutsotsin bakin teku, da ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira kofefod. Jatan landen kiwo bai shiga wannan jeri ba. Linoleyik da linolenik dole ya ci su a abinci.

Wannan bai bambanta shi da tarwaɗa ba. Inda suka rabu shi ne mataki na gaba. Kafin linolenik ya zama EPA sai delta-6 ta ƙara masa lanƙwasa, mai-tsawaitawa ta kai shi kabon 20, sannan delta-5 ta ƙara wata lanƙwasar. Daga EPA zuwa DHA kuma sai an tsawaita shi zuwa 22, sannan ko dai delta-4 ta gama aikin kai tsaye, ko a kai shi 24, delta-6 ta sake taɓa shi, a datse kabon biyu a cikin wani ɗan sashe na sel mai suna feroksizom. Linoleyik ma ta waɗannan hannuwa yake bi ya zama ARA. A 2016 Angela Oboh da abokan aikinta a Jami'ar Stirling ta Sikotland sun ciro ƙwayoyin gado biyu daga tarwaɗarmu, Clarias gariepinus, wato fads2 da elovl2, suka gwada aikinsu. Fads2 ɗin tarwaɗa ita kaɗai tana yin aikin delta-6 da na delta-5. Shi ya sa mai kiwo a Kware ko Wurno zai iya rage garin kifi ya ƙara waken soya, tarwaɗa ta ci ta ƙera wani kaso na abin da ta rasa, ta ci gaba da girma. Karfasa ma haka take.

Jatan lande kuwa tun 1979 Akio Kanazawa da abokan aikinsa a Jami'ar Kagoshima ta Japan suka sa wa dabbobin ruwa iri-iri linolenik mai alamar kabon-14, suka bi sawunsa. Kifin tirawut ya mayar da shi EPA da DHA sosai. Jatan landen Japan bai kama ƙafarsa ba, ɗan kaɗan kawai ya juya. Gwaje-gwajen ciyarwa da suka biyo baya a kan ire-iren jatan landen teku sun tafi a kan layi ɗaya: man kifi ya fi man tsiro kawo girma, kuma kitsen jikin dabbar yana bin sawun abin da ta ci.

Suna ba aiki ba ne

A 2019 masu bincike a Cibiyar Nazarin Teku ta Qingdao a ƙasar Sin suka fitar da kundin gadon farin jatan lande, Litopenaeus vannamei, wanda ya fi kowane iri yawa a kiwon duniya. Kuromosom 44 ne bibbiyu, ƙwayoyin gado masu gina furotin sama da 25,000, kuma kusan kashi 24 cikin 100 na kundin gajerun haruffa ne masu maimaita kansu, abin da ya sa haɗa shi ya yi wuya shekara da shekaru. Tun kafin nan, da kuma bayan nan, an buga rahotanni da dama da ke cewa an samo ƙwayar gado "mai kama da delta-6" a jatan lande da ƙaguwa, kuma tana ƙara aiki idan aka ciyar da man tsiro. A nan mai karatu ya kamata ya ja birki.

Yawanci kwamfuta ce ke raɗa wa sabuwar ƙwayar gado suna, ta hanyar kwatanta jerin haruffanta da na waɗanda aka sani. Kama kuwa ba ita ce aiki ba. Mai-lanƙwasa ta gaskiya irin delta-6 da delta-5 tana da alamomin da ake dubawa: wani sashe a goshinta mai ɗauke da jerin HPGG, da akwatuna uku na histidin, ɗaya daga tubalan ginin furotin da ake rubutawa da H, na ukun yana farawa da Q maimakon H. Ko an ga waɗannan ma ba a gama ba. Hujja ita ce gwajin yis. Ana kwafo ƙwayar gadon a dasa ta cikin yis ɗin burodi, wanda shi ba ya ƙera sarƙoƙi masu lanƙwasa da yawa. A kunna ta da sukarin galaktos, a zuba linolenik a ruwan da yis ɗin ke girma, a bar shi kwana biyu, a wanke, a tatso kitsen a auna. In 18:4 ya bayyana a yis mai ɗauke da ƙwayar gadon, bai kuma bayyana a wanda aka dasa wa fanko ba, to delta-6 ce. Óscar Monroig da Kabeya, waɗanda suka fi kowa bin diddigin wannan fanni, sun ja hankali cewa irin waɗannan jerin na jatan lande da ƙaguwa ba a nuna aikinsu ta wannan hanya ba.

Masu-tsawaitawa kam sun ci jarrabawar. An dasa elovl4 na ƙaguwa irin su Scylla da Portunus a yis, an ga suna ƙara wa sarƙoƙi masu lanƙwasa tsawo. To amma aikin kamar na majema ne: fata na bi hannu-hannu, a cire gashi, a jiƙa ta a ruwan bagaruwa, sannan a kai ga rini da karan dafi. In babu bagaruwa, komai yawan marina fata ba ta jemu ba. Jatan lande zai iya ɗaukar linolenik ya tsawaita shi zuwa 20:3, kuma ana ganin wannan sarƙa na taruwa a jikin wanda aka ciyar da man da ke da linolenik da yawa. Sai dai 20:3 ba EPA ba ne.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗar masu gwaji. A ciyar da man tsiro mako shida ko takwas, a auna nama, sai a ga DHA bai faɗi yadda aka zata ba, a ce ai dabbar na ƙera shi. Ba lallai ba. Jiki yana rowar DHA: yana ƙona falmitik da oleyik don samun ƙarfi, ya adana DHA a bangon sel. Ga kuma abin da dabbar ke tsinta a tanki, gansakuka da ƙananan halittu da ma 'yan'uwanta da suka yi saɓa jikinsu bai yi tauri ba. Don a raba ƙira da tanadi sai an lissafa jimillar miligiram na DHA da ya shiga baki da wanda ya ƙaru a jikin dabbar gaba ɗaya, ko a yi amfani da linolenik mai alamar kabon-13 a ga ko alamar ta isa DHA.

Kolestarol, lesitin da iyakar mai

Giɓi na biyu ya fi na farko tsanani. Jatan lande, kamar ƙwari, ba ya ƙera kolestarol ko kaɗan. Farkon hanyar yana nan, har zuwa wani sinadari mai kabon 15 da yake haɗa homon ɗin metil fanesowet da shi, amma daga nan zuwa kolestarol a toshe take. Abin mamaki, namansa na cikin masu yawan kolestarol, miligiram 150 zuwa 200 a giram 100, kuma duk daga abinci ya tara shi. Buƙatarsa ba ta bangon sel kaɗai ba ce. Wata 'yar gaɓa a kansa tana ɗaukar kolestarol ta bi da shi ta hannun jerin inzayim har ya zama homon ɗin saɓa. Dabbar da ɓawo ya kewaye ba ta girma sai ta tuɓe shi. In kolestarol ya yi ƙaranci, saɓa na jinkiri, wasu su mutu rabin jiki a waje rabi a cikin tsohon ɓawo. Mai kiwo zai ɗauka cuta ce ta shigo, alhali buhun abinci ne. Waken soya da gyaɗa da masara ba su da kolestarol, wani danginsa na tsiro suke da shi, wanda jatan lande ba ya cin moriyarsa yadda ya kamata.

Adadin da ake buƙata ya danganta da fosfolifid, irin kitsen da ake gina bangon sel da shi, wanda a kasuwa lesitin ɗin soya ne. A jinin jatan lande fosfolifid ne babban abin da ke dakon kitse daga hanta zuwa sauran jiki, kuma ƙanana ba sa ƙera shi da saurin da girmansu ke nema. Wani gwaji da aka buga a 2000 kan farin jatan lande a Texas ya nuna cewa in babu ƙarin fosfolifid ana buƙatar kolestarol kusan kashi 0.35 cikin 100 na abinci, amma da fosfolifid kashi 1.5 buƙatar ta sauko zuwa wajen 0.14. Kolestarol na cikin mafi tsadar abin da ake zubawa a abincin, lesitin kuwa mai araha ne, don haka lissafin a fili yake.

Kada kuma a ce tunda kitse ne matsalar a ƙara mai. Tarwaɗa na ɗaukar abinci mai kashi 10 zuwa 12 na mai ba tare da damuwa ba. Na jatan lande an fi tsayar da shi tsakanin 6 da 8, ba a son ya wuce 10. Jatan lande ba shi da irin ruwan matsarmamar da kifi ke narkar da mai da shi. In man ya yi yawa, srebp1 da fas masu ginin kitse kan lafa, cpt1 mai shigar da sarƙoƙi wurin ƙonawa ta tashi, amma hakan na da iyaka. Abin da ya rage sai ya cika sel ɗin ajiya na hanta, cin abinci ya ragu, furotin ɗin da ake so ya zama nama bai shiga ba.

Ga yadda lissafin buhu yake. A kilo 100 na abinci ana neman EPA da DHA a haɗe giram 500 zuwa kilo 1. A ce an sa kilo 20 na garin kifin teku mai kashi 9 na mai: kilo 1.8 na mai ke nan, in kashi 22 nasa EPA da DHA ne an sami wajen giram 400. A ƙara kilo 2 na man kifin teku mai kashi 25, an sami wasu giram 500. An kai 900. Sai lesitin kilo 1.5, kolestarol abin da zai cike giram 150 zuwa 200 bayan an cire wanda ke cikin garin kifi, sauran man kuma ya fito daga soya da alkama. Jimilla ta tsaya wajen kashi 7. Yanzu a cire man kifin a sa man gyaɗa, a maye rabin garin kifin da ƙuli-ƙuli: ma'aunin mai a takarda bai canza ba, amma EPA da DHA sun koma giram 200, linoleyik ya yi yawa. Garin busasshen kifin rafi ma ba ya maye gurbin na teku kai tsaye, domin galibi kitsensa ya fi karkata ga dangin linoleyik, in kuma banda ne, wuta da iska sun riga sun cinye wani kaso. Inda man kifi ya gagara, garin wata ƙaramar halittar ruwa mai suna Schizochytrium yana ba da DHA mai yawa, amma EPA ɗinsa kaɗan ne.

Akwai man gida iri biyu da ke buƙatar a yi hattara da su. Ɗanyen man angurya da man 'ya'yan kuka suna ɗauke da wasu sarƙoƙi masu zobe, irin su sitakulik, waɗanda ke toshe delta-9, wato mai-lanƙwasa ɗaya tilo da aka tabbatar dabbar na da ita. Ƙuli-ƙuli kuma in ya yi fumfuna yana kawo gubar afilatoksin, wadda hanta take fara kamawa. Sannan ga zafin Sakkwato. Kowace lanƙwasa ƙofa ce da iska ke shiga ta lalata sarƙa, DHA kuwa shida gare shi. Buhun da ya yi wata biyu a shago mai rufin kwano cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba shi ne buhun da ya fito daga injin ba. A sayi na wata ɗaya, a ɗora a kan katako nesa da bango, man kifi a rufe shi ruf a inuwa, kuma a tabbatar akwai bitamin E da maganin hana lalacewar mai a haɗin. In abinci ya fara warin tsohon fenti, na zubarwa ne.

Hunturu da ruwan burtsatse

Farin jatan lande ya fi son ruwa mai zafin digiri 28 zuwa 32. A daren hunturu, Disamba da Janairu, iska na saukowa wajen digiri 15, ƙaramin tanki kuma yana bin ta. Sanyi na sa bangon sel ya yi tauri, dabbar da jininta ke bin zafin ruwa kuma sai ta mayar da martani ta hanyar ƙara sarƙoƙi masu lanƙwasa a bangon. Scd ce kan gaba a wannan aiki, sai kwaso EPA da DHA daga ajiyar hanta. Matsalar ita ce a daidai lokacin cin abinci ke raguwa. Don haka gyaran abinci na makonnin da suka gabaci hunturu ne, tun a Nuwamba, ba bayan sanyi ya kama ba. Zurfafa ruwa da rufe tanki da leda da dare sun fi duk wani haɗi tasiri.

Gishiri ma haka. Ruwan teku na da giram 35 a lita, jinin farin jatan lande kuma ya yi daidai da ruwa mai wajen giram 25. A ruwa mai giram 3 ko 4 dole gaɓar numfashi ta yi ta jawo gishiri ciki da wani famfo da ke zaune a bangon sel, kuma aikin famfon na da alaƙa da irin kitsen da ya kewaye shi, ga ƙarfin da yake ci. Amma kada a ɗora wa kitse abin da ba nasa ba. Abin da ya fi kashe jatan lande a ruwan tudu shi ne ƙarancin fotashiyam da maganiziyam. Ƙa'idar da ake bi ita ce kowane giram ɗaya na gishiri a lita ya zo da miligiram kusan 11 na fotashiyam, 39 na maganiziyam, 12 na kalshiyam. A giram 4, ana neman fotashiyam wajen 44 da maganiziyam 156. Yankin da ke kan dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina don siminti, ruwansa kan zo da kalshiyam, ba lallai ya zo da sauran biyun ba. A kai ruwan ɗakin gwaji kafin a sayi ɗa ko ɗaya, a cike giɓin da takin fotash da gishirin maganiziyam.

Me zaɓen iri zai iya gyarawa?

Zaɓe ba ya ƙirƙiro ƙwayar gadon da babu. Abin da yake iya taɓawa shi ne bambancin da ke tsakanin iyalai wajen tsotsar kitse daga hanji, dakonsa, da rowar EPA da DHA maimakon ƙona su, wato aikin su fabp mai dakon sarƙoƙi da cpt1 da inzayim masu saƙa sarƙoƙi cikin fosfolifid. A kifin salmon an nuna cewa yawan waɗannan sarƙoƙi a nama yana bin gado, sai dai shi salmon yana da fads2 da elovl2, don haka ba a ɗauko lissafinsa a ɗora wa jatan lande.

Ribar zaɓe a kowane zubi ita ce rabon gado, wato kason fifikon iyaye da ke wucewa ga 'ya'ya, sau fifikon iyayen da aka zaɓa. Misali kawai: in matsakaicin garke kashi 20 ne na EPA da DHA a cikin kitsen nama, aka zaɓi iyaye masu 23, rabon gado kuma 0.2, 'ya'ya za su fito da 20.6. Zubi ɗaya kusan shekara ne. Kilo ɗaya na man kifi a buhu zai yi fiye da haka cikin mako shida. Ga wahalar aunawa: sai an yanka dabbar, don haka 'yan'uwanta ake zaɓa, ko a yi hasashe da alamomin DNA. Lamba a jiki ba ta zama saboda saɓa, sai dai allurar roba mai launi a cikin naman wutsiya. Kuma auna kashi cikin 100 tarko ne, domin iyalin da kitsensa ya ragu gaba ɗaya zai nuna kason DHA mai yawa ba tare da ya ƙara ko miligiram ɗaya ba. Inda zaɓen ke da ma'ana shi ne a gwada iyalai a kan abinci mai ƙarancin man kifi, a ɗauki masu girma a kansa. Wannan aikin manyan cibiyoyi ne masu riƙe iyalai da dama don gudun auren dangi. Mai kiwo a nan abin da ya rage masa shi ne ya tambayi mai sayar da 'ya'ya a kan wane abinci da wane gishiri aka zaɓi iyayen.

Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da zai auna aikin waɗannan ƙwayoyin gado yana da tarkuna nasa. Hanta cike take da inzayim masu narkarwa, in ta yi 'yan mintuna a kan tebur RNA, wato saƙon ƙwayar gado da ake aunawa, ya tafi. A ciro ta a kan ƙanƙara, a yanka ƙanana, a jefa a ruwan adana RNA nan take, wanda ke riƙe samfur ko wuta ta ɗauke na ɗan lokaci. Ma'aunin tsarki na 260 kan 280 ya zo wajen 2.0. In na'urar duba lafiyar RNA ta nuna ɗaya daga manyan layukansa biyu, 28S, ya ɓace, kada a yi saurin zubarwa: a jatan lande da ƙwari wannan layi yana da tsaga ta asali, zafi na raba shi biyu ya faɗa kan ɗaya layin, 18S. A hana dabbobin abinci awa 24 kafin ɗauka, a kuma duba gashin wutsiya a madubin ƙara girma don a ɗauki waɗanda ke tsakanin saɓa da saɓa kawai, tunda kitsen hanta na hawa kafin saɓa ya sauka bayanta. A daidaita sakamako da ƙwayoyin gado biyu aƙalla, kamar ef1a da beta-aktin, bayan an tabbatar abincin gwaji bai motsa su ba. Tanki ne abin ƙirga, ba dabba ba: goma daga tanki ɗaya maimaici ɗaya ne. Wajen tatso kitse, kulorofom biyu metanol ɗaya, da ɗigon BHT mai hana lalacewar mai, in ba haka ba DHA zai lalace a kwalba a rubuta cewa abinci ne ya rage shi. Don a ɗaure ƙwayar gado da aiki a jikin dabbar kanta, allurar RNA mai igiya biyu tana kashe muryar ƙwayar gado na 'yan kwanaki, kuma tana ci sosai a jatan lande.

Ga wanda ruwansa ba shi da gishiri sam, jatan lande dangin Macrobrachium na ruwan daɗi sun fi dacewa da tafkunan gefen Rima da Goronyo. Su ma ba sa ƙera kolestarol, kuma ɗan ƙaramin kaso na dogayen sarƙoƙi a abinci yana ƙara musu girma, sai dai buƙatarsu ba ta kai ta na teku ba, kuma a tafkin ƙasa suna tsintar wani ɓangare da kansu. Ƙullin yana wajen ƙyanƙyasa. 'Ya'yan babban irin Asiya sai a ruwa mai gishiri wajen giram 12 a lita suke rayuwa, na Afirka ta Yamma, Macrobrachium vollenhovenii, shi ma iyaye kan gangara bakin teku don ƙyanƙyasa. Da aka gama madatsar Diama a kogin Senegal a 1986 hanyar ta toshe, irin ya ragu ƙwarai a saman kogi, dodon koɗin da yake ci ya yawaita, tsargiya ta bazu. Abincin farko na 'ya'yan, ƙyanƙyasar wani ƙaramin ƙwaron ruwan gishiri mai suna Artemia, ba shi da DHA na a zo a gani, sai an jiƙa shi awa 12 zuwa 24 a ruwan man da ke da DHA, a kuma ba da shi da wuri, domin in ya jima Artemia ɗin na datse DHA ya mayar da shi EPA tun kafin ya isa tanki.